Yadda ɗan zango zai yi digiri na biyu a fannin tsara kiɗa a Gana

Wani ƙanena a Nima ya zo mini da waya a hannu, ya saka mini kiɗan da ya haɗa a ɗakinsa da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Kiɗa ne mai daɗi, kalangu yana magana a ƙasa, wani sauti mai kama da goge yana yawo a sama. Ya gama digirin farko, ya yi hidimar ƙasa, yanzu yana son ya koma jami'a ya karanta tsara kiɗa. Na ce masa, "To, ina takardar?" Ya ce, "Yaya, wace takarda kuma? Ba ga kiɗan kana ji ba?"

Nan gizo yake saƙa. Abin da jami'a take kira tsara kiɗa shi ne ka rubuta kiɗan a takarda, da alamominsa, har makaɗin da bai taɓa ganinka ba ya ɗauka ya buga abin da ke cikin kanka. Mu a zango kunne muke da shi, kuma muna zaune a kan wata dukiya ta kiɗa da harshe da kusan ba wanda ya taɓa ta a makarantun ƙasar nan. Hannun rubutu ne ya yi mana ƙaranci. Matakan da ke biye duk hanya ce ta haɗa kunnen da hannun.

Mataki na farko: gwada kanka kafin a gwada ka

Ka ware mako guda ka yi wa kanka jarrabawa uku. Ta farko, ka saurari wata gajeriyar waƙa da ka sani tun kana yaro, ka rubuta karinta a layuka biyar na rubutun kiɗa ba tare da ka taɓa fiyano ba. Ta biyu, ka ɗauki wannan karin ka raba shi ga muryoyi huɗu, biyu na mata biyu na maza, yadda za su jitu. Ta uku, ka buɗe takardar kiɗan wani, wadda ba ka taɓa ji ba, ka ga ko za ka ji ta a kanka.

In ka ci biyu cikin uku, ka wuce gaba. In ko ɗaya ba ka ci ba, kada ka sayi fom bana. Ka ba kanka shekara guda. Ka nemi malamin fiyano, ko da a coci yake koyarwa, domin a Akra yawancin waɗanda suka iya karatun kiɗa daga rukunin mawaƙan coci suka fito, kuma ba wanda zai tambaye ka addininka in ka biya kuɗin darasi. Ka bi littattafan ka'idar kiɗa na jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, daga aji na 1 har na 8. Ka kuma lura cewa rukunonin mawaƙa da yawa a Gana da do-re-mi suke karatu, wato solfa, don haka ka koyi duka biyun. Ranar da za ka ba mawaƙa aikinka za ka gode wa kanka.

Wanda digirinsa na farko ba na kiɗa ba ne, shi ya fi kowa buƙatar wannan shekarar. Ya je sashen kiɗa da ƙafarsa ya tambaya ko za su karɓe shi kai tsaye ko sai ya fara cike giɓi da wasu darussa.

Mataki na biyu: maganar gida

Wannan ba ya cikin kowace takardar jami'a, amma na ga ya kayar da mutane fiye da jarrabawa. A wurinmu kiɗa yana tafe da roƙo, kuma malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa tun da can. Ranar da na gaya wa mahaifina abin da zan karanta, shiru ya yi, sannan ya ce, "Wato duk kuɗin makarantar nan maroƙi na haifa?" Ban yi musu ba. Na ɗauko takardun da na rubuta na shimfiɗa a gabansa, na ce, "Baba, ga irin aikin. Rubutu ne da bincike, ƙarshensa koyarwa." Ya juya su sama da ƙasa, bai gane komai ba, amma ya ga tawada. Ka je da kawu ko wani dattijo da mahaifinka yake jin nauyinsa. 'Yan mata kuwa su fara da uwa, su kuma shirya amsar tambayar da tabbas za ta zo: atisayen dare a ina, da su wa, wa zai dawo da ke gida.

Mataki na uku: zaɓi malami, makaranta ta biyo baya

Wurare uku ne suka fi suna a karatun kiɗa mai zurfi. Akwai Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948, kuma ga mu 'yan Nima da Mamobi da Madina tana bakin ƙofa: motar haya ta trotro daga tashar 37 zuwa Madina a gabanta yake wucewa. Akwai Jami'ar Ilimi ta Winneba, wadda ta gaji tsohuwar makarantar koyon kiɗa ta ƙasa da ke garin, kuma ta yi fice wajen horar da malaman kiɗa. Sai Jami'ar Cape Coast mai sashen kiɗa da rawa. Ɗan Kumasi, na Aboabo ko Asawase, ya sa a ransa tun yanzu cewa zai ɗauki jaka ya gangaro kudu.

A tsarin Legon digiri na biyu iri biyu ne. MA shekara ɗaya ce, MPhil shekara biyu: ta farko darussa, ta biyu kundi. In kana hangen digirin digirgir ko koyarwa a manyan makarantu, MPhil za ka nema.

Amma sunan makaranta ba ya duba maka aiki, mutum ne yake dubawa. Ka binciki malaman kowane sashe, ka gano wanda shi kansa yana rubuta kiɗa, ba nazarin kiɗan wasu kaɗai ba. Ka saurari ayyukansa. Ka nemi ɗalibansa na da ka yi musu tambaya ɗaya: in ka ba shi babi, wata nawa yake yi kafin ya dawo da shi? Sannan ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa ta imel, ka haɗa da aikinka guda ɗaya, ka nemi minti goma sha biyar a ofishinsa.

Ka shiga ofishin kana sane da gidan da ka shigo. Ephraim Amu, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1995, shi ya dage cewa karin waƙa ya bi hawa da saukar maganar harshen da ake rerawa, shi kuma ya ɗauko atenteben, sarewar gora, ya gyara ta ta shiga aji. J. H. Kwabena Nketia, ɗan Mampong ta Asante da ya rasu a 2019, ya jagoranci Cibiyar Nazarin Afirka a Legon, kuma littafinsa The Music of Africa na 1974 har yau ana ba ɗalibai. Akin Euba na Najeriya a Legon ya yi digirin digirgir a kan gangar dundun ta Yarbawa, kuma shi ya yaɗa ra'ayin a sa fiyano ya yi magana kamar ganga. Willie Anku ya yi aiki a kan lissafin zagayen bugun kiɗan Afirka. Duk sun yi abu ɗaya: sun ɗauki kiɗan gidansu sun mai da shi tushen sabon rubutu. An yi wa Akan, an yi wa Ewe, an yi wa Ga. Filin Hausa yana nan kusan fayau.

Mataki na huɗu: ayyukan da za ka nuna

Nan zan daɗe, domin nan ake cin kasuwa. Ka shirya ayyuka uku, kada su yi kama da juna, kowanne minti uku zuwa shida. Gara uku da aka gama tsaf da goma masu rabin jiki.

Na farko ya zama na murya, da Hausa. Ka san harshenmu yana da karin sauti, sama da ƙasa da faɗuwa, kuma yana da tsawon wasali. Kuka ta miya da kuka na hawaye sauti ne ya raba su. Wuya na jiki da wuya ta wahala haka. Gari na mutane da gari na tuwo kuwa tsawon wasali ne ya raba su. In ka ɗora "gari" na mutane a kan nota, wato sauti guda na kiɗa, mai tsawo a gaɓar farko, ka mai da birni abin tuƙa tuwo, kuma duk Bahaushen da ke zauren zai ji wani abu ya karkace ko da bai iya faɗin mene ne ba. Dabarar ita ce ka fara karanta baitin da ƙarfi, ka sa alama a kan kowace gaɓa: mai nauyi ko marar nauyi, sama ko ƙasa. Gaɓa mai nauyi ka ba ta bugu biyu, marar nauyi bugu ɗaya, sai ka ga ƙafar kiɗan ta fito da kanta daga cikin kalmomin. Haka mawaƙan baka suke yi ba tare da alƙalami ba, haka marubuta waƙa suke auna baiti da arulli. Ba dole karin ya bi sautin magana sau da ƙafa ba, mawaƙanmu ma suna kaucewa, amma ka san inda ka kauce da dalilin kaucewar, domin za a tambaye ka.

Baitin fa? Ko ka rubuta naka, ko ka nemi izinin marubuci mai rai a rubuce, ko ka koma ga na da. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙin Hausa da na Larabci da ya rubuta a ƙasar nan. Sai dai in ka ɗauki waƙar malami irinsa, shawarata ka bar ta ga muryoyi zalla, jagora da 'yan amshi, ba ganga ba goge. Ka girmama mai ita, ka kuma tsare kanka daga surutun unguwa.

Na biyu ya zama na kayan kiɗa biyu zuwa biyar, inda za ka haɗa na gida da na waje. A nan na taɓa shan kunya. Na rubuta wa mai biyolin abin da na ji mai goge yana yi, nota bayan nota, na kai atisaye ina taƙama. Aka buga, sai ya fito kamar an wanke miya an bar ruwa. Abin da ke sa goge ya zama goge yana tsakanin notocin ne: zamewar yatsa a kan tsirkiya ɗaya ta gashin doki, da ɗan karkacewar sauti da ba ta zauna daidai a kan maɓallan fiyano ba. Don haka ka buɗe shafi guda a farkon takardarka ka yi bayanin alamominka: wannan layin yana nufin zame, wannan kibiyar tana nufin ɗaga sautin kaɗan. Kalangu ma haka. Tunda matse shi a hammata ne ke sauya muryarsa, ka rubuta shi a layi uku, sama da tsakiya da ƙasa, ka sa alamar lanƙwasa inda sautin yake hawa bayan an buga. In kana da habaici ko kirarin da kalangun yake faɗa, rubuta kalmomin a ƙarƙashin notocin. Makaɗin da bai iya karatu ba zai kama nan take in ka faɗa masa da baki.

Kada ka tsaya a kayanmu kaɗai. Muna zaune da Dagomba masu lunga da gonje, da Frafra masu kologo, da Dagara masu gyil, ga atumpan da fontomfrom na Asante. Ka koyi bugun kugen nan na Ewe mai bugu 7 cikin zagaye 12, wanda tazararsa take tafiya 2-2-1-2-2-2-1, domin ba za ka gama wata guda a sashen kiɗa a Gana ba ka ci karo da shi ba.

Na uku ya nuna ka san kayan Turawa da iyakarsu. Fiyano kaɗai ya isa, ko 'yan gogen Turawa huɗu. Ka kiyaye kurakuran da suke tona asiri: rubuta wa biyolin sautin da ya gangara ƙasa da G ɗinta ta ƙasa, mance cewa kilarinet da kakakin Turawa na B-flat suna fitar da sauti ƙasa da abin da aka rubuta da taki guda, ko hana mai busa wurin numfashi.

Ka buga komai da manhajar rubutun kiɗa. MuseScore kyauta ce kuma ta isa. Sibelius da Dorico na kuɗi ne. Finale kuwa kamfaninta ya daina sayar da ita a 2024, kada wani ya ɗora maka tsohon kwafi ya karɓi kuɗinka. Ka sa lambar shafi da lambar gaɓar kiɗa, wato bar, ka fitar da PDF. Sannan ko aiki ɗaya ne, ka tara mutane su buga shi ka naɗa, ko da waya ce a ɗaki mai labule. Sautin kwamfuta ba ya numfashi, ba ya gajiya, ba ya kuskure, shi ya sa yake ruɗin mai rubutu. Kuma ka ajiye kwafi a imel ɗinka duk dare. Wanda ya zauna a Akra zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ba sai an yi masa bayani ba.

Mataki na biyar: takardu

Ana cike fom ta intanet bayan ka sayi lambar shiga. Za a nemi shaidar digiri, da cikakken sakamakon darussanka wanda tsohuwar jami'arka za ta fitar, da wasiƙun malaman da suka san ka. A ƙa'ida ana son digiri mai daraja ta biyu, ko da ƙaramar ce. Ka nemi sakamakon da wuri, watanni kafin a rufe, domin takarda a ofis ba ta da ƙafa sai ka zama ƙafarta. Wanda ya yi digirinsa a Najeriya ko Nijar ko wata ƙasar Larabawa ya kai shi hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu ta tantance, in kuma da Faransanci ko Larabci aka rubuta, a fassara shi a hukumance. Ka duba sunanka: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a katin Gana, wannan kaɗai yana iya cinye maka wata biyu. Ka yi takardar rantsuwa tun kafin a tambaya.

Sai shawarar bincike, shafi uku zuwa biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗi. "Kiɗan Hausa a Gana" ba batu ba ne, teku ne. Ka matse shi: kiɗan ƙwarya na matan Sabon Zango a bikin aure, yadda amshinsa yake, da yadda za a gina aikin minti ashirin na muryoyin mata da kayan bugu a kansa. Ka faɗi wa za ka je wurinsa, me za ka naɗa, me za ka rubuta, kayan kiɗa nawa, wa zai buga. Ka nuna ka leƙa abin da aka riga aka rubuta, irin ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa na Ames da King na 1971 da ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka.

In an kira ka ganawa, ka tafi da takardun kiɗanka a buge, kwafi uku. Za a iya buɗe shafi a nuna wuri a ce me ya sa ka yi haka. "Haka ya yi mini daɗi" ba amsa ba ce a can.

Mataki na shida: kuɗi

Ɗan ƙasa da sidi yake biya, baƙo da dala, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Ka nemi tallafin hukumar bayar da tallafin karatu ta ƙasa da na GETFund, asusun ilimi na gwamnati, ka kuma leƙa Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017. Ka nema, amma kada ka jingina da su. Yawancin ɗaliban kiɗa da koyarwa a makarantu masu zaman kansu da aikin situdiyo suke riƙe kansu. Abin da ba a faɗa wa sabon ɗalibi shi ne kuɗin makaɗa. Kowane atisaye akwai kuɗin mota, akwai ruwa, akwai waakye in an wuce azahar. Ka buɗe wani asusu na daban a MoMo tun watan farko kana jefa ɗan abu saboda wannan.

Mataki na bakwai: in ka shiga

Shekarar farko za ta tafi a darussa: hanyoyin bincike, nazarin ayyukan manya, raba wa kayan kiɗa aiki, ka'idojin kiɗan Afirka. Ka riƙa rubuta ko gaɓa takwas ce kullum bayan asuba, kafin hayaniyar unguwa ta tashi. Ka yi abota da ɗaliban da suke buga kaya, su ne za su buga maka a araha. In kana Legon, ka saba da ɗakin karatu na Balme da ma'ajiyar sautuka mai sunan Nketia a Cibiyar Nazarin Afirka, inda aka tara naɗe-naɗen da aka fara yi tun shekarun 1950. Ka je Gidan Wasan Ƙasa, inda ƙungiyar kiɗan simfoni ta ƙasa, wadda aka kafa a 1959, take da mazauni, ka roƙi izinin zama a atisayensu. Awa ɗaya kana kallon yadda madugu mai jagorantar makaɗan yake gyara masu busa ta fi babi guda na littafi.

Shekara ta biyu ta fita fili ce da rubuta babban aiki, tare da kundin da ke bayanin tushensa da yadda aka gina shi. Kafin ka ɗauki na'urar naɗa sauti ka karɓi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a. A unguwa kuma akwai wani izinin da ya fi wannan: ka fara gaida sarkin zango ko mai unguwa, ya haɗa ka da makaɗan. Ka je da goro. Ka kira dattijon makaɗi Baba, ka zauna ƙasa, ka gaya masa gaskiyar abin da za ka yi da kiɗansa, ka biya shi lokacinsa, ka sa sunansa a kundin in ya yarda, ka kuma koma masa da kwafin abin da ka naɗa. Wurin mata masu kiɗan ƙwarya ko shantu, namiji ya tafi da yayarsa ko gwaggonsa, in ba haka ba zai dawo da gaisuwa kawai.

Ka tsara wa kanka cewa rubutun kiɗan ya ƙare wata uku kafin ranar miƙawa, domin atisaye zai nuna maka wuraren da ba sa buguwa, kuma sai ka fitar wa kowane makaɗi takardarsa daban, ka duba inda zai juya shafi kada ya faɗo a tsakiyar busa. Kundin kuma za a saka shi a manhajar gano satar rubutu, don haka duk jimlar da ka ɗauko ka faɗi mai ita.

Abu na ƙarshe shi ne doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 tana kare aikinka tsawon rayuwarka da shekara 70 bayanka, amma ita ce kuma ta sa kayan al'adun gargajiya a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a, ƙarƙashin kulawar Hukumar Al'adun Gargajiya ta Ƙasa. In za ka fitar da aikin da ka gina a kan waƙar gargajiya zuwa kasuwa, sai ka nemi izininta ka biya abin da ta yanka. Ka rubuta sunanka da shekara a shafin farko na kowace takarda, ka yi rajista da GHAMRO mai karɓar wa masu kiɗa kuɗin amfani da ayyukansu, sannan duk makaɗin da ya buga maka a naɗin ƙarshe ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar yarda kafin a tashi daga zauren.